Ku Tambaya Mu Amsa: AI ta fara rubuta wa gwamnati shawara, to masu bincike fa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili naku. Wannan karon saƙonni da yawa sun taru kan abu guda, wato ƙirƙirarriyar basira, AI ɗin nan da ta shiga bakin kowa, da yadda take taɓa aikin masu bincike da cibiyoyin da ke ba gwamnati shawara. Na tsamo waɗanda suka fi nama, wasu na ɗan rage masu tsawo saboda fili, kuma kamar kullum ba mu sa sunan kowa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni na gama digiri kan tattalin arziki, ina zaune Ƙofar Ƙaura nan cikin Katsina, burina tun ina aji biyu in samu aiki a irin cibiyoyin nan masu nazari suna ba gwamnati shawara, to yanzu wani abokina ya ce mani in ma daina wahalar da kaina don ChatGPT na rubuta rahoton da mutum zai yi wata uku yana fama cikin minti biyar. Dan Allah mi ye gaskiyar magana, in ci gaba ko in koma kasuwa wurin babanmu?

AMSA: Ƙanena, abokin naka bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa zancen ba.

Bari in fara da cibiyoyin don wasu masu karatu ba su san su ba. Akwai na gwamnati, kamar NIPSS da ke Kuru kusa da Jos wadda aka kafa a 1979, inda manyan ma'aikata da hafsoshi ke zuwa kwas su dawo da mni, lambar zama ɗan cibiyar, a bayan sunansu, da NISER ta Ibadan tun 1960. Akwai masu zaman kansu irin CDD a Abuja, da BudgIT da ta fara a Legas a 2011 tana fassara wa talaka kasafin kuɗi, da CEDDERT ta Zariya wadda marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya assasa da abokan aikinsa. A waje kuma wadda muka fi ji ita ce Chatham House ta Landan, tun 1920 take, can ne 'yan takararmu ke rugawa su yi jawabi in zaɓe ya matso, marigayi Buhari ma ya je a Fabrairun 2015. Aikinsu duka ɗaya ne, su ɗauki matsala, su karanta abin da aka rubuta a kanta, su nemo alƙaluma, su yi lissafi, su rubuta su ce wa mai mulki ga abin da muke gani.

To tun da ChatGPT, manhajar AI ɗin nan da ake rubuta wa tambaya ya ba da amsa, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, karatun da rubutun sun yi araha, wannan ba a musu. Kundin kasafin kuɗi mai shafi ɗaruruwa ka loda mashi ya tsamo maka abin da aka ware wa ruwan sha, intabiyu da aka naɗa a waya wata manhajar ta maida shi rubutu, lissafin da sai ka kwana kana neman inda ka yi kuskure a manhajar ƙididdiga irin Stata ko R ya gyara maka nan take, ya fassara maka rahoton Faransanci na Nijar kana zaune. Kuma ka lura duk waɗannan su ne ayyukan da ake ba sabon ɗauka, wato kai. Don haka ba zan ɓoye maka ba, kujerun ƙananan masu bincike su ne suka fi shiga haɗari, cibiyar da ke ɗaukar yara da yawa su yi mata taƙaice-taƙaice yanzu za ta ga kaɗan sun ishe ta.

Amma tambayi abokin naka, yaushe aka taɓa ƙarancin rahoto? A 2014 Bankin Duniya da kansa ya duba rahotanninsa da ya sa a intanet ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba wanda ya taɓa sauke su ko sau ɗaya. Bankin Duniya fa. Mu nan abin da muka rasa ba takarda ba ne, alƙaluman da za a zuba cikin takardar ne babu. Rabon da a yi ƙidaya a Najeriya tun 2006, lokacin aka ce jihar Katsina mutum miliyan 5.8 ne da ɗoriya, wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage, duk wata lamba da ka ji yanzu ta yawan mutanen Baure ko Sabuwa kintace ne aka ɗora kan waccan tsohuwar. Ko ka ɗauki rashin aikin yi tunda fanninka ne, hukumar ƙididdiga NBS ta ce kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai ga shi a farkon 2023 ta ce kashi 4.1, ba wai an buɗe masaƙu ba ne a tsakani, ma'aunin aka canza, da wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne, yanzu ko awa ɗaya ka yi an lissafa ka cikin masu aiki. Ka tambayi na'ura za ta iya miƙo maka kowace daga cikin biyun da cikakken ƙarfin gwiwa, wanda ya san yadda aka haifi lambar shi kaɗai zai ce tsaya tukuna.

Sannan ga abin da ba a taɓa rubutawa ba kwata-kwata. Da aka rufe boda a Agustan 2019, mi ya faru da cinikin Jibia da Kwangwalam, su wa suka karye, su wa suka yi kuɗɗi, ta ina shinkafar ta ci gaba da shigowa? Buhun masara nawa ke fita daga kasuwar Dandume duk mako kuma ina yake nufa? Wannan ilimi yana kan dillalai da direbobi da 'yan dako, kuma ba za su faɗa wa baƙo ba balle waya, sai wanda ya zauna da su aka sha shayi aka saba. Na'ura ba ta karanta shi ba don ba wanda ya rubuta shi. Nan ne kasuwarka take.

Shawarata, ka riƙe ƙididdiga da kyau, ba haddar jarrabawa ba, ka san yadda ake zaɓen mutanen da za a tambaya da yadda tambaya ke karkatar da amsa. Ka koyi KoboToolbox ko ODK na tattara bayanai da waya, su ƙungiyoyi ke amfani da su. Ka koyi AI ɗin ita kanta sosai har ka san inda take tuntuɓe, don wanda za a ɗauka gobe shi ne mai iya sa ta aiki kuma ya kama ta in ta zame. Kasuwar babanku kuma kar ka raina ta, in yana da littafin da yake rubuta farashi shekara da shekaru to wallahi kana zaune kan abin da wasu masu digiri uku ke nema ido rufe, ka fara da shi, ka jera farashin wata-wata ka ga mi cire tallafin mai na Mayun 2023 ya yi wa kayan shagonku, ka rubuta shafi biyu masu tsabta. Wannan zai fi buɗe maka ƙofa a kan takardar neman aiki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni ma'aikaci ne a wata ma'aikata, an ba wani kwansoltan aikin bincike ya kawo mamu rahoto mai kauri Turanci kamar ruwa amma zuciyata ba ta kwanta ba, ina zargin AI ce ta rubuta. Ya zan gane? Kuma ni kaina laifi ne in na sa ta ta taya ni rubuta memo?

AMSA: Yallaɓai zarginka ba banza ba ne, ya faru da waɗanda suka fi mu kuɗɗi da tsari. A Oktoban 2025 kamfanin Deloitte ya yarda zai maida wa gwamnatin Ostireliya wani ɓangare na kuɗɗin wani rahoto na dalar ƙasar 440,000, bayan wani malamin jami'ar Sidni ya gano an kafa hujja da littattafai da maƙalun da babu su a duniya, har da maganar da aka jingina wa hukuncin kotu alhali ba ta ciki. Kafin nan a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 don sun kawo shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira.

Dalili kuwa ita wannan na'ura asalin aikinta hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya ne, bisa tulin rubutun da aka horar da ita da shi. Ta ga dubban madogara ta san siffarsu, sunan marubuci, shekara, sunan mujalla, shafi, to in ba ta da ta gaskiya sai ta haɗa wadda ta yi kama, kuma ba za ta canza murya ba ta ce maka nan fa ƙirƙira nake. Sababbin da ke leƙa intanet kafin su amsa sun rage abin amma ba su kashe shi ba.

Kar ka ɓata lokaci kan manhajojin da ake cewa suna gane rubutun AI, kamfanin OpenAI da ya yi ChatGPT ma ya taɓa fito da irin ta ya janye ta a Yulin 2023 don ba ta cika dacewa ba, za ka iya zaluntar mutumin da ya rubuta da hannunsa. Kuma ni a ganina ba wanda ya rubuta ba ne damuwar, gaskiyar abin da aka rubuta ce. Ka tsinci madogara kaɗan daga wurare daban-daban ka neme su da kanka, in ɗaya ta ɓace to ka bi sauran duka. Ka ce ya kawo ɗanyen bayanan, fam ɗin da aka cike, ranakun da aka fita, sunayen ƙauyukan da aka shiga da masu tambayar da ya ɗauka, wanda ya je fili da gaske murna zai yi ka tambaya, wanda ya zauna a otal kuma nan za ka ga gumi. Sai ka karanta shafin shawarwari, in ka ga za a iya cire sunan Katsina a sa Ebonyi ba abin da ya canza, a ƙarfafa haɗin gwiwa, a wayar da kai, a inganta kaza, to ko mutum ne ya rubuta bai yi aikin kuɗɗinsa ba. Abin da Bala Usman ya yi ta koya wa ɗaliban tarihi a ABU kenan, kowace takarda a tuhume ta, wa ya rubuta, yaushe, ina ya samo, mi yake nema. Gaba kuma in za ku ba da irin wannan aiki ku sa a yarjejeniya cewa sai an bayyana inda aka yi amfani da AI, kuma ba a biyan kason ƙarshe sai an miƙa ɗanyen bayanai.

Memo ɗinka kuwa ba laifi ta gyara maka Turanci ko ta tsara maka tunani, sa hannun dai naka ne, in lamba ta fito ba daidai ba kai za a kira ba ita ba. Abu ɗaya da zan ja kunnenka, kar ka kwafi fayil na sirri ko sunayen mutane da albashinsu da lambar NIN ka zuba a ciki, bayanan na tafiya kwamfutocin kamfani ne a wata ƙasa, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, ban da dokar aikin gwamnati da ka fi ni sani.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ina aiki da wata ƙungiya nan Daura muna raba tallafi ga zawarawa da marayu, kullum rigimarmu list, kowa ya sa nashi. An ce wai akwai ƙasar da kwamfuta ke zaɓo talakawa da kanta ba ruwan mai unguwa ba ruwan kansila. Gaskiya ne? In haka ne ai mun huta.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya saka da alheri kan wannan aiki. Gaskiya ne, kuma ba nesa ba ne, Togo ce. Lokacin korona a 2020 suka yi wani shiri mai suna Novissi na tura kuɗɗi ta waya, da za su kai shi karkara sai suka haɗa kai da masu bincike na jami'ar Berkeley ta Amurka da ƙungiyar GiveDirectly. Da hoton tauraron ɗan'adam aka fara ware yankunan da suka fi talauci, ana duba irin rufin ɗaki da hanyoyi da gonaki, sannan aka koya wa na'ura ta gane talaka daga yadda yake amfani da layinsa, katin nawa yake sawa, kiransa gajere ne ko dogo, kuɗɗi na shigo mashi ta waya ko a'a. Da aka buga sakamakon a mujallar Nature a 2022 sun nuna hanyar ta fi a ce kowa a yanki kaza a ba shi, amma su da kansu suka ce ba ta kai cikakkiyar rajistar gida-gida ba in da akwai ta. Mu ma nan arewa mun ɗanɗana irin amfanin, lokacin yaƙi da shan inna hoton sama ya fito da rugage da ƙananan ƙauyuka da ba su cikin taswirar da ake zanawa da hannu, aka kai masu rigakafi.

To amma Hajiya ki dubi matan da kike hulɗa da su. Nawa ne ke da waya tasu ta kansu? Wata layin da sunan mijin da ya rasu aka yi rajista, wata wayar ɗanta take ara, wadda ta fi kowa buƙata ma wataƙila ba ta taɓa riƙe waya ba, ita a idon wannan tsari babu ta. Ki tuna kuma a Satumban 2021 an kashe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, wata da watanni, ke nan wuraren da wahala ta fi yawa su ne za su fito fayau ba bayani.

Kuma na'ura ma na iya zalunci, nata ya fi wuyar kamawa don ba fuska. A Holan hukumar haraji ta yi amfani da wani tsarin kwamfuta wajen zaƙulo masu cuta a tallafin renon yara, ashe yana ɗaukar zama ɗan asalin wata ƙasa a matsayin alamar zargi, aka tuhumi dubban iyalai da ba su ji ba su gani ba aka ce su maido kuɗɗi, gidaje suka tarwatse, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Mai unguwa in ya cire ki kin san ƙofar gidansa, kin san dagaci, kin san hakimi. Wannan wa za ki kai wa ƙara?

Ban ce list ɗin kansila ya fi ba, na san abin da kike nufi sarai. In da ni ne, ku rubuta sharuɗɗanku a fili tun kafin a fara, ku bi gida-gida da waya kuna cikewa, kwamfuta ta taya ku kama sunan da ya fito sau biyu da gidan da aka sa mutum biyar, sannan a karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar mai gari, mata na wurin, a ba wanda aka tsallake kwanaki ya kawo kuka.

TAMBAYA: Wai AI ɗin nan tana jin Hausa kuwa? Ni dattijo ne daga Funtua jikana ya gwada mani na ji tana wata Hausa kamar ta mai koyo.

AMSA: Baba tana ji, amma ba kamar Turanci ba, don rubutun Hausa da ke intanet bai taka kara ya karya ba in aka gwada da nasu, abin da ke akwai ma yawanci labaran rediyo ne da Hausar Kano. Yaranmu na ƙoƙari, akwai HausaNLP da Masakhane masu tara rubutun harsunan Afirka, gwamnatin tarayya ma ta ƙaddamar da tata AI ɗin mai suna N-ATLAS a 2025 mai Hausa da Yarbanci da Ibo. Inda abin ya shafi zancenmu na yau shi ne sauraren jama'a. A Ingila gwamnati ta fito da wata manhaja Consult mai karanta dubban ra'ayoyin da mutane suka aiko kan wata doka ta rarraba su. A ce an yi haka da taron jin ra'ayi a mazaɓu 361 na jihar nan, ai an samu sauƙi ba kaɗan ba. Sai dai ka tambayi tsohuwa a Bakori ya asibitinku, ta ce to mun gode Allah, kai ka san kuka ta yi, na'ura kuwa za ta jefa ta layin waɗanda suka gamsu. Ga kuma tulin takardun mulkin En'e da na ajami da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da Arewa House da gidajen malamai, mafi yawansu ba su hau intanet ba, ita duk ba ta san da su ba.

TAMBAYA: Malam tunda ita ba ta tsoron kora ba ta neman kwangila, ba sai ta riƙa faɗa wa masu mulki gaskiya ba? Ni ɗan ƙungiyar matasa ne daga Dutsin-ma.

AMSA: Ɗana ina ma. Halinta ya fi kama da na maroƙi, wanda ke gabanta shi take wa kirari. A Afrilun 2025 sai da OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT don ya cika yabon mai tambaya da goyon bayan duk abin da ya kawo. Ka ce ta ba ka hujjar cire tallafin taki za ta jero, ka juya ka ce ta ba ka hujjar barinsa za ta jero, duk da kyau. Kwamishinan da ya riga ya yanke abin da yake so yanzu zai samu takardar da ta mara mashi baya kafin a kira la'asar, da kuwa sai ya nemo farfesan da zai yarda ya sa sunansa, wani lokacin farfesan ya ƙi. Kuma wa zai ɗauki nauyin tsari, manomi ko ɗan birni, wannan ba lissafi ba ne, siyasa ce, mutane za su yi ta.

Inda nake ganin riba taku ce ku ƙananan ƙungiyoyi. Da karanta kasafin kuɗi sai cibiyar Abuja mai tallafin Turawa, yanzu ku huɗu da laftof ɗaya da data kun isa. Ku sauke kasafin jiha da na tarayya na bana, ku sa ta tsamo duk aikin da aka rubuta wa Dutsin-ma, kowanne ku ce ta ba ku lambar shafi ku buɗe ku tabbatar da idonku don tana iya haɗa layin wani da kuɗɗin wani. Sai ku hau mashin ku je wurin, ajin da aka ce an gyara, rijiyar burtsatsen, magudanar da ta taso daga dam ɗin Zobe in tana ciki, ku ɗauki hoto da kwanan wata ku tambayi mutanen unguwar. In aikin na tarayya ne kuna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ku rubuta wa hukumar ku nemi sunan ɗan kwangila da abin da aka biya, dokar ta ba su kwana 7 su amsa, ku riƙe kwafin wasiƙar da hatimin karɓa.